Bishiyar redwood ta bakin tekun Kalifoniya: me take sha, me ke riƙe ta?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko saiwa mai zurfi ce ke riƙe bishiyar redwood har take kai wannan tsawo, da kuma abin da take sha tun da ruwan sama kan ɗauke a Kalifoniya duk lokacin zafi. Na daɗe da zama kusa da garin Eureka, dajin nan kuwa shi ne wurin yawona, don haka ga abin da na sani.

Saiwarta ba ta nutsawa sosai. Duk wadda iska ta tuge za ka ga gindinta a faɗaɗe yake, zurfin bai fi mita 3 zuwa 4 ba. A gefe take bazuwa, ta sarƙe da saiwoyin na kusa da ita, su riƙe juna.

Maganar ruwa ita ce ta fi burge ni. Tekun Fasifik a wannan yanki sanyi ne da shi ƙwarai, iska mai ɗumi in ta ratsa kansa sai ta zama hazo mai danshi, ya kwararo cikin daji da asuba. Ganyen saman ke tare shi, ya taru, ya riƙa ɗiga. Ka tsaya a ƙarƙashinta cikin watan Agusta, babu hadari ko kaɗan, amma hularka sai ta jiƙe, ƙasa kuma ta yi laushi har takalmi na nutsewa. Ganyen ma kai tsaye yake shan wani abu daga ciki. Masana sun ƙiyasta hazon na iya ba ta kusan kashi ɗaya bisa uku na ruwanta a shekara. Shi ya sa dajinta na asali bai wuce siririn zirin bakin teku ba, daga kudancin jihar Oregon zuwa yankin Big Sur da ke tsakiyar gaɓar Kalifoniya.

Wuta fa? Ɓawonta kan kai kaurin santimita 30, ja ne mai zare-zare, ba ya saurin kamawa. Gobarar 2020 ta cinye kusan dukan gandun Big Basin, amma mafi yawan manyan bishiyoyin sun rayu, toho ya fito a jikinsu da suka yi baƙi ƙirin. Irinta bai fi na tumatir girma ba, kuma kaɗan ne ke tsira, don haka ta fi dogara ga toho daga kututture. Inda aka sare uwar za ka tarar da 'ya'yan sun kewaye wurin.

Abin da ta kasa jurewa shi ne zarto. Tsohon dajin da ya rage bai fi kashi 5 cikin 100 ba. Wata redwood da ake kira Hyperion, wadda aka gano a 2006 mai tsawon kusan mita 116, an hana zuwa wurinta tun 2022 saboda masu kallo sun tattake gindinta, kuma ni dai ina goyon bayan wannan hani. In Allah ya kawo ka, ka je gandun redwood na Prairie Creek da sassafe kafin hazo ya washe, kuma ka taho da rigar sanyi.