Gwajin zuciya ya fito lafiya, amma faɗuwar gaba ba ta daina ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana fama da faɗuwar gaba, musamman da dare. An yi mata gwajin ECG a nan Tahoua ba a ga komai ba, amma likita ya ce mu kai ta Yamai a ɗaura mata wata na'ura da za ta kwana da ita. Shin tafiyar tana da amfani?
Daga wata mai karatu a Tahoua

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Shawarata ita ce ku yi wannan tafiya, domin likitan yana da hujja.

Duk lokacin da zuciya ta buga, akwai ɗan lantarkin da take fitarwa, shi ne na'urar ECG take karantawa ta wayoyi 10 da ake mannawa a jiki, 6 a ƙirji, 4 a hannuwa da ƙafafu, sannan ta zana shi a takarda. Ba ta saka wuta a jikin mutum, ko da yake tsofaffi da yawa suna jin tsoron haka.  Sai dai abin da take ɗauka bai wuce na kimanin daƙiƙa 10 ba, don haka idan da tsakar dare bugun Hajiya yake rikicewa, gwajin da aka yi da hantsi tana kwance cikin natsuwa zai iya fitowa lafiya lau.

Na'urar da likita yake nufi ita ce Holter, mai sunan Ba'amurken da ya ƙirƙiro ta. 'Yar ƙarama ce, ana rataya ta a ƙugu ko a wuya ƙarƙashin riga, tana naɗe kowane bugu na tsawon awa 24 zuwa 48. Hajiya ta ci gaba da sallarta da zirga-zirgarta kamar kullum, amma kada ruwa ya taɓa na'urar, kuma ki riƙa rubuta lokacin da gabanta ya faɗi, domin da wannan likita zai gwada abin da na'urar ta naɗa.

Ƙarancin jini, da shayi mai ƙarfi, da yawan cin goro duk suna iya kawo irin wannan, saboda haka ki faɗa wa likita gaskiyar abin da take ci da sha, ki tafi da takardar gwajin farko da magungunanta. Idan kuwa ta suma, ko ƙirjinta ya riƙe, ko numfashi ya gagare ta, kada a jira tafiyar Yamai, a kai ta asibiti nan take.