Burtsatsenmu zai dawo aiki bayan mako uku, za mu iya shan ruwan nan take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren kwamitin ruwa na ƙauyenmu a Jihar Jigawa. Muna da burtsatse mai sola, zurfinsa mita 60, da tankunan roba biyu masu cin lita 5,000 kowanne, da wuraren ɗiban ruwa huɗu a cikin gari. Sumo, wato injin da ke turo ruwa daga cikin burtsatsen, ya ƙone, yau mako uku ke nan babu ruwa, jama'a sun koma rijiyoyi da kududdufi. An yi karo-karo an sayo sabo, mai gyara zai sa shi ranar Asabar. Wasu na cewa da ruwa ya zo a buɗe kawai, ai daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa. Wasu sun ce sai an sa magani. Wane magani ne, nawa za a sa, kuma yaushe za a ce wa mutane su sha?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada a buɗe ranar Asabar. Masu cewa ruwan daga ƙasa yake fitowa sun yi gaskiya, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ruwan da ke can mita 60 wataƙila lafiyarsa ƙalau. Abin tsoro shi ne hanyar da zai bi kafin ya shiga randa.

Bututu idan yana cike, ƙarfin ruwan ciki ne ke tunkuɗowa waje ta kowace tsaga, shi ya sa ake ganin damshi a inda yake yoyo. Da ya bushe sai lamarin ya juya: ruwan kwata da na gefen masai su riƙa tsattsafowa ciki ta wannan tsagar. Mako uku ana haka. Tankuna kuma sun kwana da ragowar ruwa mai ɗumi a gindinsu, ga laka da gansakuka, idan murfi bai zauna daidai ba har da kashin tsuntsu ko mataccen ƙadangare. Ita kanta rijiyar burtsatsen an buɗe bakinta, an zaro tsofaffin bututu an shimfiɗe a ƙasa inda awaki ke yawo, kuma su za a mayar ciki. Kwalara da taifod ta irin wannan ƙofa suke shigowa. A 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma Jigawa da Bauchi da Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Tun yau, kafin mai gyara ya iso, a sanar a masallatai da gidan mai unguwa cewa ko an ga ruwa na zuba a famfo, ba na sha ba ne sai kwamiti ya yi shela. Ruwan da ake sha yanzu a tafasa shi ya yi ɓararraka na minti ɗaya cikakke, ko a sa ƙwayar Aquatabs mai miligiram 67 guda ɗaya a jarka mai lita 20 a jira minti 30. Idan ruwan ya gurɓace da laka, a bar shi ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta, sannan a sa biyu.

Maganin da kuke tambaya kulorin ne. Wanda ya fi dacewa da wannan aiki shi ne garin nan fari mai tsaba-tsaba da ake kira HTH, ƙarfinsa kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Ku nemi kilo biyu. Sashen ruwa da tsafta na ƙaramar hukumarku ko hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha (RUWASSA) za su nuna muku inda ake samu, kuma ku roƙi aron na'urar gwajin kulorin da ƙwayoyinta na DPD 1 masu sauya launin ruwa idan akwai kulorin, don ba tare da ita ba duk abin da za a yi kintace ne. Ruwan bilic na kanti irin su Hypo ko Jik ma yana aiki, amma ƙarfinsa kusan kashi 3.5 ne kawai, kuma dole ya zama marar turare. Cokalin cin abinci ɗaya a shafe, ba a tsiri ba, yana ɗaukar kusan giram 15 na HTH, da shi za ku riƙa awo.

Garin nan ba abin wasa ba ne. Mai haɗawa ya sa safar hannu da takunkumi da tabarau, ya tsaya a fili iska na bayansa. A bokitin roba ake damawa, ba na ƙarfe ba, kuma ruwa ake fara zubawa sannan a barbaɗa gari. Kada ya haɗu da ruwan batir ko wani maganin wanke banɗaki, hayaƙin da zai tashi yana iya kashe mutum. Kada a ajiye shi kusa da fetur ko man juye, yana iya kama wuta. Bayan an dama a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, farar ƙasar da ta taru a gindi a binne ta, don tana toshe sumo.

Daga rijiya ake farawa. Ranar Asabar, kafin a zura komai, a shimfiɗa leda ko tamfol, a ɗora sabon sumo da bututu da waya da igiya a kai, a wanke su da ruwan kulorin na cokali biyu a bokiti mai lita 10. Sannan a auna yawan ruwan da ke cikin rijiyar. A zura igiya mai tsabta da ɗan nauyi a bakinta a ga inda ruwa ya fara. A ce ya fara a mita 20, to tsayin ruwa mita 40 ke nan. Rijiya mai faɗin inci shida tana riƙe da kusan lita 18 a kowace mita, mai inci biyar lita 13, mai inci huɗu lita 8. Idan taku mai inci shida ce, 40 sau 18 ya ba da lita 720. Tun da an buɗe ta an yi aiki a ciki, a sa mata mai ƙarfi: giram 15 ga kowace lita 100, wato kusan giram 110, cokali bakwai da ɗan ɗori. Da bilic kuwa lita biyu. A dama a bokiti biyu ko uku a zuba ciki.

Akwai matakin da masu gyara da yawa ke tsallakewa saboda sauri. Bayan an sa sumo, a cire haɗinsa da tanki, a ɗaura tiyo, a mayar da bakin tiyon cikin rijiyar, a kunna. Ruwan ya riƙa fitowa yana komawa na minti 30 zuwa awa ɗaya, ana jujjuya tiyon yana wanke bangon rijiyar daga sama har ƙasa. Wannan bangon da ke saman ruwa shi ne inda hannu da ƙasa suka taɓa, kuma maganin da aka zuba ba ya kai masa sai ta haka. Sai a kashe, a rufe baki, a bar ta ta kwana aƙalla awa 12. Kada ta wuce awa 24, kulorin mai ƙarfi yana cin robobin sumo.

Wannan yammacin ne lokacin wanke tankuna. A kulle bawul ɗin da ke kai ruwa gari tukuna, don kada dattin ya gangara cikin bututu, a zubar da ragowar ruwan ta ramin wanki na ƙasa. A goge bango da gindi da burushi mai doguwar ƙota da ruwan omo, a ɗauraye har kumfa ta ƙare. Idan ya zama dole wani ya shiga ciki, ya shiga kafin a sa kulorin, da ƙafa a wanke, wani kuma na tsaye a bakin tankin yana kallonsa. Murfin da ya tsage a canza shi, bakin bututun da ke zubar da rarar ruwa a ɗaure masa ragar sauro.

A ranar ce kuma wasu za su bi layin bututu da ƙafa daga tanki har famfo na ƙarshe. Lokacin da ruwa ya ɗauke, mutane kan haƙa rami su yanke bututu ko su kwance kan famfo suna neman ragowar ruwa, yara kuma su cusa tsinke da ƙasa. Duk inda bututu ya ratsa kwata ko ya bi ta gefen masai a tone a duba. Ɗaure tsaga da robar tayar keke ba gyara ba ne. A yanke wurin a sa soket da gam. Idan aka zuba magani ba a toshe waɗannan ƙofofin ba, an yi aikin baban giwa.

Ranar Lahadi da rana ta ɗaga, a kunna sumo a zubar da ruwan rijiyar waje har warin kulorin ya tafi, ruwan kuma ya yi garau babu yashi. A karkatar da shi nesa da shuka da tafkin kifi da inda dabbobi ke sha. Mai gyara ya tsaya ya ga ko ruwan na yankewa yana tofar da iska, alamar sumo bai nutse sosai ba ko na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya ja baya ba ta aiki, kuma sau da yawa abin da ya ƙona na farko ke nan.

Daga nan a haɗa da tankuna. A cika su zuwa rubu'i, a zuba damammen HTH giram 80 ga kowace lita 1,000, wato giram 400 a kowane tanki, sannan a cika su taf. A buɗe bawul ɗin gari a hankali, ba gaba ɗaya ba, da kan famfon da ya fi nisa a buɗe don iska ta fita. Ruwan da aka sako da ƙarfi cikin busasshen bututu yana fasa mahaɗai. Kowane kan famfo a bar shi yana zuba har a ji warin kulorin ya bugi hanci, sai a rufe a ɗaure shi da leda da igiya. A ƙara cika tankuna, a bar komai awa 24. A sa mutum ya tsare kowane wurin ɗiba, domin mace da ta yi mako uku tana tafiya kududdufi ba za ta ga famfo da ruwa ta wuce ba, kuma wannan ruwan ba ya shayuwa.

Ranar Litinin, kafin a zubar, a gwada ruwan famfo na ƙarshe. A nan ana yawan ruɗewa: kulorin mai yawa yana kashe launin ƙwayar DPD, sai ruwan ya yi ja na ɗan lokaci ya koma fari, a ɗauka babu magani alhali ya yi yawa ne. Don haka a surka: murfin kwalba ɗaya na ruwan famfo da murfi 19 na ruwan gora. Idan na'urar ta nuna 0.5 (miligiram a kowace lita) ko sama, bututun ya riƙe maganin da ake so. Idan ƙasa da haka ne, datti ya cinye shi, ko dai akwai laka a ciki ko akwai tsagar da ba a gano ba, a nemo ta a sake. In ya yi daidai, a zubar da tankuna, a sake cikawa da sabon ruwa, a buɗe famfuna ɗaya bayan ɗaya daga na kusa zuwa na nesa har wari ya tafi.

Shawarata ita ce aƙalla mako biyu na farko, musamman da damina ko idan ana amai da gudawa a yankin, a riƙa sa ɗan kulorin kullum a tanki. A haɗa cokali ɗaya na HTH a lita ɗaya ta ruwa, a ajiye a jarkar roba mai duhu. A jera bokiti huɗu masu lita 20 cike da ruwan burtsatsen, a sa musu wannan haɗin da sirinji: mililita 1, 1.5, 2 da 2.5. Bayan minti 30 a gwada kowanne, a ɗauki na farkon da ya nuna 0.5. A ce mai mililita 2 ne, to kowace lita 1,000 tana buƙatar mililita 100, kowane tanki rabin lita duk cikawa. Abin da ake nema a famfo na ƙarshe shi ne 0.2 zuwa 0.5. Idan an tabbatar da kwalara a garin, a ɗaga shi ya kai 1.0 a wurin ɗiba. A gaya wa jama'a tun da wuri cewa za su ji ɗan wari, in ba haka ba wasu za su ce an ɓata ruwan su koma rijiya.

Shela kuwa sai abu uku sun haɗu: ruwa ya yi garau, awon kulorin ya tsaya daidai a duk famfuna huɗu kwana biyu a jere, gwajin ƙwayoyin cuta kuma ya fito lafiya. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da ta Hukumar Lafiya ta Duniya duka sun ce kada a samu ƙwayar cutar E. coli, alamar kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100. Duba-gari ko jami'in RUWASSA zai iya ɗaukar samfur a kwalbar da ke kashe kulorin ya kai ɗakin gwaji cikin sanyi a ranar. Idan hakan bai samu ba, akwai 'yar kwalbar gwaji ta H2S: a cika ta da ruwan bakin rijiya bayan kulorin ya tafi, a rufe, a ajiye a ɗaki awa 24 zuwa 48. In ta yi baƙi, ruwan bai tsarkaka ba. A lissafe, Laraba ko Alhamis ne za ku yi shela, ba Asabar ba.

Ranar buɗewa a ajiye baho da ruwan kulorin na cokali biyu a lita 10 a kowane wurin ɗiba. Duk jarkar da ta je kududdufi, har da na 'yan garuwa, a wanke ta da omo, a zuba wannan ruwan a girgiza, a bar shi minti 30, a ɗauraye kafin a tara ta a famfo. A gida ma a wanke randa da moɗa, a rufe randa, moɗa ta samu wurin ratayewa.

Bayan mako ɗaya ko biyu a sake gwada ruwan bakin rijiyar. Idan kwalbar ta sake yin baƙi, ƙara magani ba zai raba ku da matsalar ba, datti na shiga ne daga wani wuri. A duba daɓen siminti da ke kewaye da rijiyar ko ya tsage, a duba ko ruwan sama na kwanciya a gindinta, a auna nisan masai da turken dabbobi mafi kusa, bai kamata ya gaza mita 30 ba. Idan kuma ruwan na warin fetur ko gas ko maganin feshi, kulorin da tafasawa duka ba sa cire wannan. A kulle burtsatsen a kai samfur gwajin sinadarai kafin kowa ya sha.