Amsa: ƙaramar bindiga don tsaron gida a Zariya

Malam, ka tambayi wace fistol ce ta fi dacewa da tsaron gida da koyon harbi, har ka ambaci Glock 19. Bindiga ce mai kyau, tana cin harsashi 15 na milimita 9, amma shawarar da ka karanta ta mutanen Amurka ce.

A nan Najeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta sanya fistol cikin makaman da aka haramta. Shugaban ƙasa ne kaɗai ke ba da lasisinta, kuma wanda aka kama da ita ba izini na fuskantar ɗaurin shekara 10 aƙalla. Don Allah kada ka saurari mai cewa zai samo maka ta bayan fage. Ba ka san me aka aikata da ita ba kafin ta shigo hannunka.

Na san tsoron da ake kwana da shi, musamman a unguwannin bayan gari. Bindigar farauta ce Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi. Tambayi rundunar 'yan sanda a Kaduna ko ana bayarwa yanzu. Kafin nan, ƙarfafa ƙyauren gida, sa fitilar sola a ƙofar zaure, ku haɗa kai da mai unguwa kan 'yan sintiri.