Tambaya da Amsa: Sawun ƙafar keke a jikin fata

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗinka jakunkuna da walat na fata da keken ɗinki. In na gama sai in tarar ƙafar keken ta bar layi biyu a gefen ɗinkin, haƙoran ƙasa masu jan fatar kuma sun yi wa bayanta zane. Yaya zan ɓatar da su? Daga wani baduku a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara shafa wurin da yatsa. In fatar lotsawa kawai ta yi, za ta tashi. In kuwa haƙori ya yanki fuskarta, wannan ba ya komawa, sai dai a rufe shi da rini da ɗan kakin zuma.

Sai ka duba irin jimar. Fatar da aka jeme da bagaruwa ita ta fi ɗaukar sawu, ita kuma ta fi jin magani. Jiƙa tsumma mai tsabta, ka matse shi sosai, ka shafe fallen gaba ɗaya. In layin kaɗai ka jiƙa, ruwan zai bar nasa tabon. Dakata minti 5 zuwa 10, har launin fatar ya fara komawa yadda yake. Ɗora ta kan gilashi ko katako mai santsi, ka riƙa murza sawun da bayan cokali, a hankali, kana bin tsawon ɗinkin. Zanen haƙoran ƙasa kuwa, ka shimfiɗa kwali a kai ka bubbuga da guduma mai sumul ɗin baki, ɗinkin ma zai kwanta.

Cokalin ya zama wanda ba ya tsatsa. Baƙin ƙarfe in ya haɗu da jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa baƙin tabo yake bari, irin aikin da kuloko, baƙin rinin dukawa, ke yi, kuma ba ya fita da daɗi. Bar ta ta bushe a inuwa, sannan ka lakato man kaɗanya kaɗan ka shafa. Man yana duhunta fata, musamman jar fatar akuya, don haka gwada a kan guntu tukuna.

Fatar kamfani mai laushi, wadda aka jeme da sinadarin kurom, ba ta damu da ruwa ba, ɗumi take so. Rufe ta da ƙyallen auduga, ka ɗora dutsen guga mai ɗumi-ɗumi na daƙiƙa 3 ko 4, ka murza da yatsa. Kada ka yi wa fatar roba haka, narkewa za ta yi.

Amma a ganina gyaran na wurin keken. Akwai sukurun da ke saman kan keke, daidai bisa ƙafar. Shi ke danne ta. Warware shi zagaye ɗaya-ɗaya kana gwaji a guntun fata, har ka ga allura ta fara ɗago fatar ko ɗinki ya fara tsallake, sai ka mayar da rabin zagaye. Haƙoran ƙasa kada su wuce milimita 1 a saman farantin da allura ke ratsawa. Sauya ƙafar ƙarfe da ta Teflon, wata roba mai santsi, ko mai taya, ka sa allurar fata mai kaifin gefe, lamba 18 ko 20, domin allurar yadi da ƙyar take hudawa, shi ya sa ake ƙara wa ƙafa nauyi. Tazarar ɗinki milimita 3 zuwa 4. Takarda mara rubutu a ƙarƙashin fatar tana kare ta daga haƙora, ka yage ta bayan ɗinki. Salatif dai a guje shi, yakan ɗaye rini. Kuma kada ka ɗinka fata da danshi a jikinta ko rinin da bai gama bushewa ba, a lokacin ne take ɗaukar sawu mafi zurfi.