Me ya haɗa injin kwaɓa kek da duniyoyin sama?

Wa alaikumus salam Hajiya. Tun jiya da daddare na ga tambayarki amma sai yanzu na samu zama. Kin ce kina neman injin kwaɓa kek sai kika ga an rubuta planetary mixer a jikin hoton, kika duba ƙamus ya ce miki planetary na nufin abin da ya shafi duniyoyi, shi ne kike tambaya to me ya haɗa fulawa da sararin samaniya. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, rabin labarin kawai ya ba ki.

Ni wannan kalmar ba a aji na fara jin ta ba, a gareji ne. Bayan na gama sakandare na yi shekara biyu ina yaron bakanike kafin na koma karatu, to wata rana aka kawo wata mota otomatik da ta daina canza giya, oga ya sauke giyabos ɗin muka baje shi a kan buhu, ya ciro wani ƙarfe mai nauyi jagab da jan mai ya ɗora min a hannu ya ce "riƙe filanetari nan, in ka yar da shi kai da kuɗin abinci sai wata mai zuwa." Na zauna ina ta kallonsa. Akwai giya ɗaya a tsakiya, ga wasu ƙanana huɗu sun kewaye ta, sannan wani babban zobe mai haƙora ta ciki ya rufe su duka. Da na sa yatsa na juya ta tsakiyar sai na ga ƙananan kowacce tana juyawa a kanta kuma a lokaci guda suna zagaya ta tsakiyar. Oga bai taɓa gaya min dalilin sunan ba, ina jin shi ma haka ya gada daga nasa ogan. Sai daga baya na gane ta tsakiyar sunanta sun gear wato rana kenan, ƙananan kuma planet gears.

To injinki ma haka yake Hajiya. Ki lura da maburgin, yana juyawa a kansa kuma yana yawo yana zagaya cikin kwanon, kwanon kuwa yana nan zaune bai motsa ba. Daidai yadda duniyarmu take juyawa a kanta cikin awa 24 tana kuma zagaya rana cikin kwana 365. Iyakar abin kenan, siffar motsin aka aro, ba wai daga sama aka sauko da shi ba.

Asalin kalmar kuwa planet ne aka ƙara mata wutsiya ta koma sifa. Ita planet daga Girkanci ta fito, ma'anarta mai yawo, saboda mutanen zamanin da sun lura taurari suna tafiya tare a jere ba sa ɓata tsarinsu, amma akwai wasu guda biyar da suke ta sauya wuri a tsakaninsu. Mu ma ai mun san su, ga Zara da ake ce mata matar wata, ga Mushtari da Zuhal da ake ji a bakin malamai. Yanzu a lissafi takwas ne, tun da aka sauke Pluto a 2006. Idan kika ga planetary motion a littafin yara to wannan ma'anar ta asali ce, tafiyar duniyoyi, kuma yawanci dokokin da masanin taurari Kepler ya tsara ake nufi, ya fitar da biyu a 1609 ta ukun a 1619.

Inda ni na taɓa shan kunya shi ne ma'ana ta uku. Lokacin da na fara karɓar ƴan ayyukan fassara aka ba ni wata takarda a kan sauyin yanayi, na ci karo da planetary crisis, ni kuwa da ƙarfin gwiwata na rubuta rikicin duniyoyi. Wanda ya duba aikin ya kira ni ya ce malam wace da wace ce ke faɗa, Mars ce ta takali Zara? Ashe a irin wannan wurin duniya ɗaya tak ake nufi, tamu, amma gaba ɗayanta har da iska da teku da daji da ƙanƙara. Turawa idan suka ce the planet haka kawai ba su ambaci suna ba to duniyarmu suke nufi. Shi ya sa za ki ji planetary health, ko planetary boundaries, wasu iyakoki tara da Johan Rockström da abokan aikinsa suka fitar a 2009 waɗanda suka ce in ɗan adam ya ƙetare su duniya za ta iya rikicewa. Kuma a nan take bambanta da global. Ita global ta fi zama a harkar mutane, kasuwa, farashi, siyasa, ba za ki ce planetary price of rice ba sai a yi miki dariya. Planetary tana da nauyi, kamar mutum ya fita waje ne yana hango duniyar a matsayin dunƙule ɗaya. A ganina ma wasu marubutan suna cusa ta ne don kawai maganarsu ta yi kwarjini, inda global ta ishe su.

Akwai kuma planetary defense, wato kare duniya daga duwatsun sama, kamar yadda NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta aika kumbon DART ya daki wani dutse mai suna Dimorphos a watan Satumba 2022 don a gwada ko za a iya karkatar da shi, kuma ya karkata.

Wadda ta fi ban haushi ita ce planetary nebula, don ita ko kaɗan ba ruwanta da planet. Hayaƙi ne da tauraro ke fitarwa idan ya zo mutuwa, amma masu hangen sama na ƙarni na 18 irin su William Herschel, wanda ya gano duniyar Uranus a 1781, sun gan shi a madubinsu na hangen nesa kewayayye kamar duniya sai suka laƙaba masa sunan, ya bi shi har yau. Don haka ni dabarata kullum sai na dubi kalmar da ta biyo baya kafin na fassara. Kuma don Allah ƴan gurup a daina haɗa wata a ciki, ko da muna cewa duniyar wata a Hausa, a Turanci nasa lunar ne, na rana solar.

Wajen furuci ki danna farkon kalmar. Ƴan Ingila suna haɗiye tsakiya su ce filanitri, Amurkawa su ja ta su ce filaneteri, a kasuwa dai ko miksa kika ce za a gane.

Tunda saye za ki yi, in kek ne da kirim da su cincin to planetary ɗin ya dace da ke. In kuma burodi za ki riƙa yi da yawa ki tambayi spiral mixer, shi har kwanon ma juyawa yake kuma ya fi jure ƙullu mai tauri. Sannan ki sa mai shagon ya gaya miki giyoyin ciki na ƙarfe ne ko na roba, wannan tsohon yaron gareji ne ke magana.