Tambaya da amsa: Yaya zan ƙera ƙaramar gingimari 911 ta fito sak ta gaske?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun ina yaro nake ƙera motar kara da ta gwangwani. Yanzu ina so in yi wadda zan ajiye a falo, gingimari Marsandi 911 mai bodin katako, irin masu lodin kayan gwari a Farin Gada. Na gwada sau ɗaya abin bai yi ba. Bodin ya rinjayi kan motar, tayoyin suka fito kamar na baro, gilashin gaba ya yi fari fat bayan na sa gam, fenti kuma ya yi ƙuraje. A ina na kuskure? Daga wani mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, matsala huɗu ka kawo, amma biyun farko uwarsu ɗaya: da ido ka yi aikin, ba da awo ba. Motar kara da ido ake yin ta, kuma ba laifi, yaro gudu yake nema. Motar ajiya kuwa duk abin da ke jikinta sai an raba shi da lamba ɗaya tak, tun daga bamba har kaurin igiyar da ta ɗaure tampol. Wannan lambar ce ma'auni. In ka ga 1:24 a jikin kwali, nufinsa duk milimita 24 a motar gaske milimita 1 ce a ƙaramar. A kan wannan ma'aunin kamfanin Italeri na Italiya ke fitar da manyan motocinsa na roba da ake haɗawa, haka ma yawancin motocin hawa na Tamiya na Japan. 'Yan Hot Wheels da yara ke turawa kuwa wajen 1:64 suke.

Sai dai kada ka fara da zaɓen ma'auni, fara da neman taya. Komai na jikin gingimari za ka iya yankawa da reza, ban da taya shida iri ɗaya, masu zagaye daidai da zane a jiki, bakwai ma in za ka rataya safaya. Ka zaga wajen masu gwanjon kayan wasan yara, ka nemi babbar motar roba da ta karye amma ƙafafunta na nan. In ka samu, su za su faɗa maka girman motarka. Tayar babbar mota mai lamba 9.00-20 tsayinta ya ɗan haura mita ɗaya, wajen milimita 1,020. Raba wannan da tsayin tayar da ke hannunka. In tayar milimita 42 ko 43 ce, ka faɗa kan 1:24. In 32 ce, ma'auninka 1:32 ne, kuma daga nan da 32 za ka riƙa raba komai. Nan mutane da yawa ke faɗuwa: su gama bodi tsaf, sannan su tafi neman tayar da za ta shiga, su ƙare da ƙafar baro irin taka.

Abu na gaba, ka je gun motar da kanka. Ai kai a Jos ba ka da matsalar wannan. Ka gaisa da direba ko yaran mota, ka nemi izini, ka ɗauki tef ɗin awo da sanda mai tsawon mita ɗaya cif. Ka auna tazarar tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, faɗin bodi, tsayinsa daga ƙasa, tsawon bonet, faɗin ƙofa da na gilashi. Sannan ka jingina sandar a jikin motar, ka ja baya kamar taku ashirin, ka jawo hoton da waya ka ɗauka ta gefe, ta gaba da ta baya, kana tsaye daidai tsakiya. Hoton kusa maƙaryaci ne, yana kumbura abin da ke kusa da kai ya tsuke na nesa. In ka je bugawa, a rage ko a ƙara girman hoton har sandar nan ta zama milimita 41.7 a takarda, in dai 1:24 kake yi. Shi ke nan ka samu zanen da za ka ɗora a kan kayan aiki ka yanka. Don misali, in ka auna tazarar tayoyi ka samu mita 4.2, a ƙaramar milimita 175 ke nan. Faɗin mita 2.4 kuma milimita 100.

Lambar 911 ɗin ma ba ado ba ce: 9 na nufin nauyin kimanin tan tara, 11 kuma ƙarfin doki 110. Mota ce matsakaiciya, ba tirela ba. Makeran bodi sukan ɗaga mata katako sama sosai, amma faɗinsa kaɗan yake fin kan motar. Naka ya rinjaya ne saboda ido ya fi riƙe tsayin lodi, ya manta faɗi.

Shasi ka fara haɗawa. Farin allon roba mai taushi da masu allon talla ke manna rubutu a kai, wanda suke ce wa Forex, ya dace ƙwarai. Guntayen milimita 2, 3 da 5 da suke zubarwa sun ishe ka mota biyu. Yanka dogayen layi biyu daga mai kaurin 3, ka haɗa su da gajerun gicciye biyar ko shida, a kan gilashi ko tayil, ba a kan tabarma ko benci ba. Ka zana layi a takarda da sukwaya, ka ɗora shasin a kai kafin gam ya kama. In ya murɗe da milimita ɗaya kacal, taya ɗaya za ta tsaya a iska, kuma babu fentin da zai ɓoye wannan. Wayar garen keke mai kaurin milimita 2 ta isa aksul. Sifirin kuwa ka yanka gwangwanin madara siri-siri, faɗin milimita 3, falle shida ko bakwai, kowane ya gaza na samansa tsawo, ka ɗaure tsakiyarsu da siririyar wayar tagulla.

Kan motar shi ne mai cin lokaci, don bonet ɗin 911 a dunƙule yake, ba shi da kusurwa. Kada ka ce za ka lanƙwasa gwangwani ya ba ka wannan siffa. Ka jera yankan Forex mai kaurin 5 ɗaya bisa ɗaya har su kai tsayin bonet, ka manne, ka fere da reza kamar mai feren rogo, sannan samfefa lamba 180, sai 400, sai 600. Ka riƙa kara zanen takardar nan a jiki kana dubawa. Inda rami ya fito, ɗiga sufa gulu ka barbaɗa bekin soda, farar hodar nan ta girki, a kai; nan take zai daskare, amma ka goge cikin 'yan mintuna, don in ya kwana ya fi robar tauri, samfefa sai ta ci gefe ta bar shi a tsaye.

Bodin katako ne ke tona asirin mai aiki da ido. Katakon gaske mai kaurin inci ɗaya da faɗin inci shida, a 1:24 milimita 1 ne da ɗan ɗoriya, faɗi kuma 6.3. Tsinken askirim da kowa ke ruga wa kaurinsa wajen milimita 2 ne, faɗi 10. A jikin motar gaske ya zama katako mai kaurin kusan inci biyu, faɗin fiye da inci tara. Ko dai ka tsaga shi ka goge ya rage rabi, ko ka leƙa Kasuwar Katako ka roƙi kafintoci ɓawon katakon nan siriri da suke lulluɓe fuskar kabad da shi. Ƙarafan tsohuwar lema, da yake a kwarmiye suke, suna yin kyau a matsayin ƙarafan tsaye na gefen bodi.

Yanzu gilashi. Sufa gulu ce ta ɓata maka shi. Tana bushewa tana fitar da tururi, tururin ya sauka a kan roba mai garai-garai, musamman inda yatsa ya taɓa, ya bar farin nan da ba ya gogewa. Farin gam na kafinta irin Top Bond za ka sa, da bakin tsinken sakace. Yana bushewa ya zama kamar ruwa, in ya ɓata gefe ka share da danshin auduga. Kuma gilashi shi ne na ƙarshe, bayan fenti ya gama bushewa. Robar da ake rufe sabon kwan fitila ko caja da ita ta fi ta gorar ruwa, don a shimfiɗe take. Ka kuma sani gam ɗin da ake sayarwa don motocin haɗawa da ke zuwa a kwali, irin na Tamiya, narkar da roba yake ya haɗe ta, kuma robar waɗancan motocin yake narkarwa. A kan Forex ko gwangwani ba ya kamawa. Inda ƙarfe ya haɗu da katako ko roba kuma zai ɗauki nauyi, gam ɗin Araldite ne maganinsa.

Ƙurajen fenti kuwa, rabin laifin na garinku ne. Jos na bisa tudu, sama da mita 1,200, kuma da sanyin safiyar Disamba da Janairu gwangwanin feshi ƙarfinsa raguwa yake, fentin ya yi kauri, ya riƙa tofi maimakon feshi. In kuma ka tsaya nesa cikin busasshiyar iskar hunturu, fentin kan bushe a hanya ya sauka kamar gari, ga ƙura ta biyo baya. Da damina, Yuli da Agusta, wata cutar ce daban: danshi kan sa fenti ya yi hazo, ƙyallinsa ya mutu. Saboda haka ka yi feshi tsakanin hantsi da azahar, ranar da babu hadari, a waje ko bakin ƙofa, da takunkumi a hanci. Ka tsoma gwangwanin minti biyar a ruwan ɗumi wanda hannunka zai iya zama a ciki. Ruwan ɗumi kawai: kusa da wuta ko murhu gwangwanin fashewa yake. Girgiza minti biyu, yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ka tsaya tazarar santimita 20 zuwa 25. Fara danna kan kafin ka iso jikin motar, ka sake shi bayan ka wuce. Faraima, wato fentin shimfiɗa da ake fara sawa, mai ruwan toka tukuna, ya kwana, ka shafe shi da samfefa 1000, sannan launi shafi uku marasa kauri, minti 10 zuwa 15 tsakani. Kana gamawa ka kifa kwali mai tsabta a kai.

In kuma ba ƙuraje ba ne, yamushewa ya yi kamar fatar da ta daɗe a ruwa, to tinar da ke cikin fentin mota ce ta ci abin da ke ƙasa, roba ko tsohon fentin mai. Fentin mai kan zauna a kan na feshi. Na feshi a kan fentin mai kuwa sai ya tayar da shi. Kowane sabon gwangwani ka fara gwada shi a kan guntun kayan da ka yi aikin da su, da bayan cokalin roba. Wadda ta riga ta ɓaci kada ka jefar: bar ta kwana uku, goge da samfefa 1000 da ruwa, sannan 1500, ka sake feshi.

Gingimarin da ke ƙyalli kamar sabuwar amarya ba a Farin Gada take ba. Tankaɗe jar ƙasa da ƙyallen atamfa, ka shafa da busasshen burushi a madgad, taya da ƙasan bodi. Tampol kuwa takardar tishu ce: jiƙa ta da farin gam da aka sirka da ruwa rabi da rabi, ka lulluɓa a kan lodi, ta bushe da lanƙwasarta, sannan ka yi mata fenti. Zare mai kaurin rabin milimita daidai yake da igiyar milimita 12. Rubutun goshi da na bayan bodi, irin su "Allah Ya kiyaye hanya", ka fara zana shi da fensir, ka bi da burushi lamba 00. Harafin da tsayinsa santimita 15 ne a motar gaske, a taka milimita 6 ne.