Tambaya da Amsa: Ma'aikatana biyu sun duba gona ɗaya, sun kawo min rahoto biyu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Likita, ya aiki ya jama'a. Ni likitar dabbobi ce a ma'aikatar gwamnati, wata uku kenan da aka ɗora ni kan tawagar da ke zagaya gonaki tana duba yadda ake riƙon dabbobi, mu bakwai ne har da ni kuma wallahi biyu a cikinsu sun girme ni a shekaru da aiki, ɗayan ma shi ya koya min cike fom lokacin da na fara. Abun da ya sa na rubuto, satin da ya wuce na tura mutum biyu wata gonar shanun madara amma ranaku daban, ɗaya ya dawo ya rubuta komai lafiya lau, ɗayan ya ce a ba mai gonar takardar gargaɗi. Yanzu mai gonar ya kawo ƙorafi wai ido kawai muka sa mishi, oga kuma yana jiran in ce wani abu, ni ko ban san wa zan gaskata ba. Sannan dan Allah wai da me ake auna jin daɗin dabba tunda dai ba magana take ba? Daga Dakta H., ta imel.

AMSA: Wa'alaikumussalam Dakta, Allah ya taya ki riƙo. Toh bari in fara da abun da ba lallai ki so ji ba, zai iya yiwuwa su biyun duk gaskiya suka faɗa, kuma gyaran yana kan kujerar da kike zaune. Na riƙe irin kujerar nan kafin in aje aiki, irin wannan rigimar kuma ta same ni tun ban ma gama sanin sunayen yarana ba. Mutum na farko ya shiga ya ga rumfa mai kyau, siminti a wanke, komin ruwa cike, littafin allurai tsaf, sai ya ce lafiya lau. Na biyu ya tsaya bakin ƙofa daidai lokacin da ake koro shanun daga wajen tatsa, ya ga wasu suna taka ƙasa kaman kan ƙaya suke tafiya, baya a gantsare kai yana sama yana ƙasa. Ɗaya gini ya duba ɗaya saniya ya duba, shikenan. In fom ɗinku bai fayyace me ake nema ba kowa da abun da idonsa ya saba kamawa zai cike shi.

Tambayarki ta ƙarshe ta girme ki. A 1965 wani kwamiti da gwamnatin Birtaniya ta kafa ƙarƙashin Farfesa Brambell ya fitar da rahoto kan dabbobin da ake kiwo a matse, kuma abun da suka nema in kika ji sai ki ce ai wannan ba komai bane: dabba ta iya tashi tsaye, ta kwanta, ta juya, ta gyara jikinta, ta miƙe ƙafa. Ki duba fa, sai da aka zauna aka rubuta a bar dabba ta iya juyawa, daga nan kin san irin matsin da ake magana. A 1979 aka faɗaɗa maganar ta zama abun da ake kira 'yanci biyar, wato kar a bar ta da yunwa da ƙishirwa, kar wajen zamanta ya takura ta, kar a bar ta da ciwo ko rauni ko cuta, kar ta zauna cikin tsoro da firgici, sannan a bar ta ta yi ɗabi'arta ta asali, kaza ta yi tono saniya ta kwanta ta yi tuƙa. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da ke Paris, wadda aka kafa tun 1924, ita ma a 2005 ta fara sa ƙa'idojin jin daɗin dabbobi cikin kundinta, ta faro da safararsu da yankansu.

Amma 'yanci biyar ba ya cike fom, wannan a bango ake liƙa shi. Mu kan ce ido ba mudu ba amma ya san kima, gaskiya ne, sai dai ranar da kika tsaya gaban alƙali lauyan mai gona mudun zai tambaye ki. Kuma mudun yana nan. A Birtaniya ɗingishin saniya daga 0 zuwa 3 ake auna shi: 0 tana tafiya daidai baya a miƙe, 1 takun bai daidaita ba amma ba za ki iya nuna ƙafar da ke damunta ba, 2 kina kallo za ki ce ga ƙafar nan, 3 kuma ba ta ma iya bin sauran garken, kullum ita ce a ƙarshe. Rama da ƙiba ma haka, yawanci daga 1 zuwa 5, hannu ake ɗorawa kan gadon baya da gindin wutsiya a ji ƙashi, sabida gashi yana ɓoye rama musamman a tumaki, tunkiya za ki gan ta ɓul-ɓul ki ɗora hannu ki ji ƙashi zalla.

Ga abun da na yi, kuma shi nake so ki yi cikin watan nan. Ki kwashe su duka, ke ma har da ke, ku je gonar da mai ita ya yarda, ku jeru nesa da juna kowa da takarda ba mai magana da wani, a koro shanu 20 ɗaya bayan ɗaya kowa ya rubuta makinsa. Sai ku koma ku baje takardun kan tebur. Ranar da na fara yin haka kunya ce ta kama ni, saniya ɗaya wani ya ba ta 1 wani ya ba ta 3, kuma dukkanmu da takardar shaida a jaka. Wanda ya fi kowa sassauci shi ne dattijon cikinmu, ba don rashin sani ba, shekara da shekaru yana ganin ɗingishi har idonsa ya daina ɗaukarsa a matsayin abun magana. Ban ce mishi ya yi kuskure ba, cewa na yi Malam a ɗaga mana ƙafar wannan da muka yi saɓani a kanta ka nuna mana. Ya sa aka kame ta ya ɗaga kofaton ya kankare, sai ga gyambo a tafin ƙafar jajawur, ya yi shiru ya ɗan jima yana kallo sannan da kansa ya ɗau biro ya gyara makinsa. Daga ranar shi na ba jagorancin wannan atisayen duk bayan 'yan watanni, kuma ya fi ni tsanani daga baya. Manyan da suka girme ki ki ba su aikin da girmansu zai fito, kar ki tsaya gasar sani da wanda ya koya miki cike fom, amma sa hannu na ƙarshe naki ne kuma su san da haka.

Maganar gonar da ake rigima a kai, kar ki janye komai kar kuma ki ba da gargaɗin tukuna. Ki rubuta wa mai gonar layi biyu cewa an karɓi ƙorafinsa za a sake dubawa, sannan ki ɗauki ma'aikatan biyu ku je tare lokacin tatsa ba tare da kin faɗi rana ba, ku auna a gabansa, shi ma ki miƙa mishi takarda ya ba da makinsa in yana so. Mutum da wuya ya yi musu da saniyar da shi da kansa ya ba 3. Oga kuma ki gaya mishi ranar da zai samu amsa, oga rana yake so ba dogon bayani ba.

Sai rubutun rahoto, nan ne yawancin shari'o'i ke mutuwa. In yaronki ya rubuta "shanu suna cikin wahala" ki mayar mishi da takardarsa. Ya rubuta cikin shanu 40 guda 9 suna mataki na 2, komi ɗaya ba ruwa da ƙarfe 11 na safe, ga hoto ga lambar kunnen kowace saniya. A ɗakin kaji kuma ki hana su duba a tsaye, a tsuguna daidai tsayin kan kaza, nan zarnin yake taruwa, in idonka ya fara hawaye a minti ɗaya ka tuna ita a nan take kwana. Dokar Tarayyar Turai ma da ta sa iyakar amoniya, wato wannan zarnin, kashi 20 cikin miliyan na iska ga ɗakunan da aka cika da kaji sosai cewa ta yi a auna daidai kan kajin. A damƙi shimfiɗar ƙasa a matse a hannu, in ta dunƙule ta jiƙe kenan, sai a ɗaga kaji kaɗan a juya tafin ƙafarsu za a ga baƙin tabo inda danshin ya ƙone fata. Can dai iyakar nauyin kajin nama kilo 33 ne a kowace murabba'in mita, sai an cika wasu sharuɗɗa ake kaiwa 39 ko 42. Kejin kaji masu ƙwai na da kuwa, wanda suka hana tun farkon 2012, santimita murabba'i 550 yake ba kowace kaza, bai kai faɗin takardar A4 ɗin da kike buga rahoto a kai ba. Na kawo waɗannan ne ki ga yadda ake maida tausayi lamba, amma ke da dokar da ta kafa ofis ɗinki za ki yi aiki, ki karanta ta har ki haddace inda ta ba ku ikon shiga gona da inda ikon ya tsaya, sabida hujjar da aka samo ta hanyar da doka ba ta yarda ba lauya zai iya ƙalubalantarta a kotu.

Hukunci kuma hawa-hawa ne, shawara, sai takarda mai wa'adi, sai kotu a ƙarshe. Abun da ke zubar da mutuncin tawaga shi ne a ce kwana 14 a kasa komawa ranar, sau biyu kika yi haka kowa ya san takardarku iska ce. Banda dabbar da ke kwance tana shan azaba, wannan ba ta jiran wa'adi, a ranar ake yanke shawara ko magani ko a hutar da ita. Kuma wani abu da ban gane ba sai da na daɗe a aikin, gonar da ta lalace farat ɗaya sau da yawa mai ita ne ya fara lalacewa, ciwo ko bashi ko rasuwa ko tsufa ba mataimaki. A Ailan tun 2004 suka yi wani tsari da ma'aikatar gona da ƙungiyar manoma da ƙungiyar kare dabbobi ke haɗuwa su kai wa irin wannan manomin ɗauki kafin abu ya kai kotu. Ki koya wa yaranki su tambayi mutum lafiyarsa kafin su buɗe fayil. Su ma ki sa musu ido, wanda ya wuni cikin mushe jiya kar ki sake tura shi irinta yau, gonar da ake tsammanin rigima kuma ba a tura mutum ɗaya.

TAMBAYA: Baba ni mai kiwon kaji ne, masu dubawar nan sai dai kawai ka gan su a ƙofa ba sanarwa, su ɓata maka lokaci suna canza takalmi da kaya kaman za su shiga tiyata, na ba su kiret ɗin ƙwai don girmamawa suka ƙi karɓa, wannan ba wulaƙanci bane? Daga Malam S.

AMSA: Malam S., ni da zan ga shugabansu hannu zan ba shi. Da sun sanar da kai ai ɗakin da ka share jiya da daddare za su gani, su kuma na ranar da ba ka tsammanin kowa suke nema, kuma in kana riƙe kajinka da kyau ba abun da ka rasa. Canza takalmin kuwa kai ake yi wa, mutumin da ke fita wannan gona ya shiga waccan shi ya fi kowa iya ɗauko maka murar tsuntsaye a tafin takalmi ko tayar mota. A 2001 cutar baki da kofato ta sa an kashe dabbobi sama da miliyan 6 a Birtaniya, tun daga nan duk mai hankali a aikin nan ba ya wasa da wankin takalmi. Ranar da wani ya zo zai faɗa maka ɗakin kaji da takalmin da ya taho da shi, kai ka tsayar da shi ko daga ina yake.

Ƙwai kuma na san da zuciya ɗaya ka bayar, amma in baki ya ci ido sai ya ji kunya, gobe in suka rubuta maka lafiya lau maƙwabcinka zai ce kiret ne ya yi magana. Abun da ya kamata ka nema a wajensu katin shaidar aiki kafin su shiga, ka bi su ɗaki-ɗaki kana ganin abun da suke rubutawa, in an gama ka karɓi kwafin rahoton ka karanta kafin ka sa hannu, in akwai inda ba ka yarda ba ka rubuta a ƙasan takardar da hannunka ka sa kwanan wata.